Wanda bai iya manuwal ba, direba ne ko mai juya sitiyari?

Matashin Gwale:
Assalamu alaikum jama'a. Wani abu ya same ni makon jiya, har yanzu yana ci min rai, shi ya sa na kawo shi gabanku. Shekarata 6 ina tuƙi. Da Corolla ta yayana na koya, sannan na yi shekara biyu ina tuƙa wani Alhaji a Camry, duka biyun otomatik ne, yau Kaduna gobe Abuja, kuma alhamdu lillahi ban taɓa goge motar kowa ba. Sai wata ƙungiyar agaji ta nemi direbobi, albashin ya ninka abin da nake samu. Na ci tambayoyin baki, na ci na alamomin hanya. Ranar gwajin tuƙi aka miƙo min makullin Land Cruiser, irin farar nan mai dogon bodi. Ina zama na leƙa ƙasa na ga abin takawa uku. Wallahi nan take gumi ya karyo min. A ka na san yadda ake yi, na sha gani, amma ƙafata ba ta sani ba. Sau uku motar tana mutuwa ban kai bakin get ba. Mai gwajin bai wulaƙanta ni ba, cewa kawai ya yi duk motocinsu na shiga daji manuwal ne, wato masu kuloci da ake sa wa giya da hannu. Abin da ya fi ƙona min rai, da na dawo gida kawuna ya ce dama ai ni ba direba ba ne, mai juya sitiyari ne. Shin haka ne? Kuma a shekara 27 lokaci bai ƙure min ba?

Direban Golf:
Wa alaikumus salam. Ka yi haƙuri ɗan'uwa, amma kawunka bai yi ƙarya ba. Otomatik ko yaro ka ɗora wa matashi a kujera zai ja ta. Ka zo tasha ka duba, Golf, Sharon, Homa, J5, nawa ne babu kuloci? A layinmu wanda bai iya sa giya ba ko makulli ba za a ba shi ba, balle lodi.

Hajiyar Mararaba:
Haba Malam, yaro ya zo da ciwo kai kuma ka ƙara masa gishiri. Ni da manuwal na koya, a 504 ta mahaifinmu, kuma na yi shekara biyar ina jan 406 mai kuloci daga Mararaba zuwa cikin Abuja kullum safiya. Duk wanda ya san cunkoson Nyanya ya san abin da nake nufi. Taka kuloci, saki, taka, saki, wani lokaci awa biyu cur. Gwiwata ta hagu sai da ta kai ina yin sallah a zaune. Na sayar da ita na sayi otomatik. To ranar da na sayar sai na daina zama direba? Kuma masu kifar da mota da fasinja a hanyar Zariya, rashin iya giya ne ke kifar da su?

Direban Golf:
Hajiya ai ke kin iya, kin ajiye ne. Shi bai taɓa iyawa ba. Akwai bambanci.

Baba Tsohon Direba:
Salamu alaikum. Jikata ce ke rubuta min, ni ina faɗa. Ɗana na Gwale, kwantar da hankalinka ka ji.

Ni a 1969 na shiga mota, yaron mota a Bedford mai bodin katako. Shekara uku ban taɓa sitiyari ba sai dai in goge shi. Aikina wanki, ɗaure tamfol, da riƙe weji. In mun zo hawa maigida ya rage gudu, sai in dire da wejin a hannu ina bin tayar baya a guje, in ta tsaya in cusa kafin ta dawo da baya. A nan na fara koyon giya, da kunne. Kana jin kukan inji ka san yanzu maigida zai sauko giya biyu. Motocin lokacin ba sa karɓar giya kai tsaye, sai ka yi dabul kuloci: ka taka ka fitar zuwa firi, wato ba ta cikin kowace giya, ka saki, ka ɗan ba ta wuta, ka sake takawa sannan ta shiga. In ka kuskure sai ta yi ƙara kamar ana niƙa tsakuwa, maigida kuma ya kai maka ranƙwashi.

Kuma da hannun hagu na koyi sa giya, don a lokacin sitiyari a dama yake, muna bin hagun titi irin na Ingila. Ranar 2 ga Afrilu 1972 aka koma hannun dama. Da sababbin motoci masu sitiyari a hagu suka fara zuwa, manyan direbobi masu furfura sai da suka koma ɗalibai, mutum ya kai hannu neman giya sai ya daki ƙofa. Bayan nan na ja 404, wadda giyarta a jikin sitiyari take. Da kamfanin Fijo na Kaduna ya fara haɗa motoci a 1975, ƙasar nan ta cika da 504, na yi shekara 19 ina jan wagon tsakanin Zariya da Jos.

Abin da ya sa na kawo wannan dogon tarihi: mu ba don mun fi ku ƙwazo muka iya manuwal ba. Babu wata motar ce. Da otomatik muka tarar, da ita za mu koya. Maganar kawunka ta yi tsauri. Mutumin da ya yi shekara 6 a hanyar Abuja bai taɓa kowa ba, ya riga ya iya abin da ya fi wuya, wato karanta hanya da haƙuri da mutane. Abin da ya rage maka aikin ƙafa ɗaya ne. Gemu ba ya hana ilimi, balle kai ko gemun bai gama fitowa ba.

Matashin Gwale:
Allah ya ƙara girma Baba. Wallahi har na ji sanyi a raina.

Bakaniken Ƙofar Ruwa:
Baba ya taɓo inda maganar take. Ni a gareji nake kallon wannan canjin, shekara 24 ke nan. Lokacin da na fara, motocin da ake shigowa da su daga Kwatano na Turai ne, Beljiyam, Jamus, Holan. Golf, Vectra, Carina, 406, Sharon. In ka buɗe goma da wuya ka samu biyu otomatik, kuma masu saye gudunta suke yi, ana cewa in giyarta ta lalace sai dai a kai ta kwalema. Daga baya kasuwa ta juya Amurka da Kanada, ana sayo motocin gwanjo ana lodo su ta Legas. Corolla, Camry, Accord, Vibe, Sienna, Highlander. Waɗannan kuwa kusan dukkansu otomatik suke zuwa. Ga kuma dokar hana shigo da mota ta kan iyakar ƙasa da ta fara aiki a Janairun 2017. To yaron da ya tashi ya tarar da Corolla 'yar Amurka a ƙofar gidansu, a ina zai ga kuloci? Jirgin ruwan da ya kawo motar ne ya zaɓa masa.

Amma ta fuskar gyara, gaskiya manuwal ta fi sauƙin riƙo ga talaka. In kuloci ya ƙone, a sauke giyabos a canza filet da dis, da yamma ka tafi da motarka. Otomatik in ta fara zamewa ko ta ƙi shiga ribas, sau da yawa sai an sayi wani giyabos ɗin gaba ɗaya. Kuma yawancin waɗanda ake kawo min, mai motar ne ya kashe ta da hannunsa: ko an zuba man giyar da ba nata ba, ko ta lalace a hanya an ɗaura igiya an ja ta tafiya mai nisa tayoyinta a ƙasa. Injin yana kashe, famfon man giya ba ya aiki, ƙarfe na cin ƙarfe a bushe.

Ɗan Maraɗi:
Mu nan Nijar har yanzu in ka shiga makarantar koyon mota neman permi, wato lasisi, da mai ambarayaj za a koya maka, abin da ku kuke kira kuloci. Sai ka ci kod, wato jarrabawar dokokin hanya, tukuna sannan a gwada ka a tuƙi. Tasin Yamai masu jan kai ma galibinsu haka suke. Amma abin da nake so abokinmu na Gwale ya gane shi ne dalilin da ya sa ƙungiyoyin nan ke riƙe da manuwal. Na yi shekaru ina bin Hilux daga Agadas zuwa Dirku. In batir ya mutu a tsakiyar Tenere, babu wanda zai zo ya ba ka caji. Mai kuloci kuwa, ku samu ƙasa mai tauri, mutum biyar su tura, a sa giya biyu a saki ƙafa, ta tashi. Otomatik ko garin nan duka za su taru su tura ba za ta tashi ba. Kuma bakaniken ƙauye zai iya buɗe giyar manuwal ya gane abin da ke ciki. Ba ƙeta suka yi maka ba, rayukan ma'aikatansu suke dubawa.

Mazaunin Birmingham:
Bari in ba ku yadda abin yake a Ingila, don nan ba maganar ra'ayi ba ce, doka ce. In ka ci jarrabawar tuƙi da otomatik, lasisinka na otomatik ne kaɗai. Ka hau manuwal da shi, daidai kake da wanda ba shi da lasisin wannan motar, kuma inshora ba za ta biya ba in wani abu ya faru. In ka ci da manuwal kuwa, duka biyun halal ne gare ka.

Da na zo, lasisin Najeriya wata 12 kawai ya yi min aiki, kuma ba a musanya shi, dole na sake zama ɗalibi bayan shekara 11 ina tuƙi a Kaduna. Na zaɓi manuwal. Abin da Baba ya faɗa ne ya same ni a juye: hannun damana yana ta neman giya a jikin ƙofa. Malamar da ke koya min ta fi damuwa da abubuwan da ban taɓa ɗauka da muhimmanci ba, duba madubi kafin sigina, waiwaye kafin ka tashi, tsayawa a hawa ka tashi ba tare da motar ta koma baya ko taki ɗaya ba. Sai a karo na biyu na ci.

Maiɗakina kuwa otomatik ta zaɓa, ta ce ba za ta ɓata kuɗin darasi a kan kuloci ba alhali motar da za mu saya mai haɗa mai da lantarki ce, ba ta da kuloci. Kuma ba ita kaɗai ba. Yanzu kusan ɗaya cikin huɗu na masu jarrabawa a nan da otomatik suke yi, shekarun baya kuwa 'yan ƙalilan ne. Motar lantarki ba ta da kuloci kwata-kwata. Ƙasar da a da ake yi wa mai lasisin otomatik kallon rago, ita ce yanzu matasanta ke tambayar amfanin koyon abin da ba za su tuƙa ba.

Direban Golf:
To ka gani. Turawan ma sun raba lasisi biyu. Da duk ɗaya ne da ba su raba ba.

Mazaunin Birmingham:
Sun raba, amma dukansu sunansu lasisin tuƙi. Jarrabawar hanya ɗaya ce, kuskuren da zai kayar da wannan shi zai kayar da wancan. Abin da suka ce shi ne kada ka hau abin da ba a gwada ka a kansa ba. Mu a gida fa? Lasisina na Najeriya babu inda aka rubuta wace iri na iya.

Ɗaliba a Jamus:
Nan Jamus sun samo tsaka-tsaki. Da can in ka yi jarrabawa da otomatik sai a buga maka lamba 78 a lasisi, wato an taƙaita ka. Tun daga Afrilun 2021 akwai abin da suke kira B197. Kana yin jarrabawarka da otomatik, amma kafin nan ka yi darasi aƙalla 10 na minti 45 a manuwal, malaminka ya zagaya da kai na minti 15 ya shaida ka iya. Shi ke nan, lasisinka ya hau duka biyun. Shi na yi bara. Yaya na Gwale, ka lura da adadin: darasi goma. Hukumar tuƙi ta Jamus ta ga wannan ya isa mutum ya kama hannu. Kai da ka riga ka san hanya ba na jin za ka kai haka.

Kawu na Houston:
Amurka ita ce ƙarshen wannan hanyar da kowa ke bi. Su suka fara sayar da otomatik da yawa, kamfanin General Motors ya sa ta a Oldsmobile ta 1940. Mai yana da araha, injuna manya, tituna dogaye, sai mutane suka rungume ta. Duk da haka a 1980 kusan kashi ɗaya cikin uku na sababbin motoci manuwal ne. Yau ba su kai 2 cikin 100 ba. Lasisin ƙaramar mota bai raba komai ba, kuma in ka je hayar mota ko tambayarka ba za a yi ba.

A wurin aikina akwai wata dattijuwa da ta haura 60, ta ce a motar gonar babanta ta koya tun tana yarinya. 'Ya'yanta uku babu wanda ya taɓa taka kuloci. Ka ga a gida ɗaya ilimin ya yanke. Su kuma samarin da ke neman manuwal a nan, sha'awa ce ke kai su, masu son motar gudu, har ƙarin kuɗi suke biya. Abin da a Kano yake na neman abinci, a nan ya zama na marmari.

Inda doka ta shigo shi ne manyan motoci. In ka yi gwajin lasisin tirela da otomatik, za a sa maka alamar E, ba ka da izinin jan mai kuloci. Na san 'yan Afirka ta Yamma da yawa da suka samu aikin tirela cikin sauƙi don sun zo da ƙafarsu a horar tun daga gida.

Bakaniken Ƙofar Ruwa:
Japan ma da kamfaninsu na Toyota ke ƙera mana Hilux da Homa masu kuloci, su a gidansu kusan kowa otomatik yake ja. Tun 1991 suka fito da lasisin otomatik zalla. Mu suke ƙera wa manuwal ɗin.

Direban Tanka:
Jama'a kun yi ta zagaya duniya, ku bari in dawo da ku Hawan Kibo, hawan dutsen nan na hanyar Jos. Ni damuwata ba wanda bai iya manuwal ba ne. Damuwata wanda ya iya sa giya amma bai san amfaninta ba.

Giya ba ta tafiya ce kawai ba, birki ce. Maigidan da ya koya min ya ce giyar da za ka hau dutse da ita, da ita za ka sauko. In kana gangara da lita dubu 33 a bayanka, injin ne ke riƙe motar, birki taimako kawai yake yi. Amma tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023, ɗabi'ar sa mota a firi a gangara ta ƙaru, wai ana tattalin mai. Ƙananan motocin haya na yi, wasu manyan ma na yi. Ka sa ta a firi, nauyi ya kwashe ta, ka dinga taka birki har ya yi zafi ya daina kamawa, iska ta ragu a tankin birki, ka nemi mayar da giya ta ƙi shiga don gudun ya wuce. Daga nan sai salati. Na taɓa tsayawa a ƙasan hawan nan muka taimaka aka ciro mutane daga wata bas, direban yana da rai, da bakinsa ya ce a firi yake. Har yau in na zo wurin sai na tuna takalmin wani yaro ƙafa ɗaya a bakin kwalta.

Don haka Direban Golf, da girmamawa, kafin mu ce wani ba direba ba ne, mu fara gyara namu.

Direban Golf:
Wannan gaskiya ne Oga, ba zan musa ba. Ana yi a layinmu. Amma man ne ya yi tsada, kuma manuwal ko ba firi ta fi otomatik tattali.

Bakaniken Ƙofar Ruwa:
A tsofaffin motoci haka ne, otomatik mai giya huɗu ta fi sha. Sababbi masu giya shida ko takwas sun kamo, wasu ma sun wuce. Batun firi kuma, a motar da ke da injekta asara kake yi. In kana gangara a cikin giya ka ɗaga ƙafa daga totur, kwamfutar motar yanke mai take yi, tayoyi ne ke juya injin. In ka sa firi kuwa dole ta ba shi mai don kada ya mutu. Ka sayar da birkinka, kuma ba ka samu ko kwabo ba. Masu otomatik su ma su ji: L ko 2 ɗin nan da ke ƙasan D a wurin sa giya ba ado ba ne, na gangara ne.

Hajiyar Mararaba:
Wallahi shekara 9 ina jan otomatik ban taɓa sa ta a L ba. Na ƙaru. In za mu je Jos da sallah zan gwada.

Nas a Karkara:
Ni ban so in yi magana ba, amma abin da ya faru da ni ya sa dole in ce wani abu, musamman ga 'yan'uwana mata. Mahaifina ya koya min tuƙi a tsohuwar a-kori-kura da yake kai taki gona. Yayyena suna dariya, mahaifiyarmu tana faɗa wai me mace za ta yi da motar kaya. Shekaru suka wuce ban sake taɓa kuloci ba.

Wani dare da damina aka kawo mana mai naƙuda, ta haihu amma jini ya ƙi tsayawa. Dole a kai ta babban asibiti, tafiyar kusan kilomita 40. Motar asibitin tana nan, Homa ce manuwal, makulli yana rataye a ofis, direban ya tafi garinsu kuma wayarsa ba ta shiga. Mijin matar da ƙaninsa babur kawai suka iya. Akwai wani malamin makaranta maƙwabcinmu mai mota, aka taso shi, ya leƙa ya ce shi otomatik ya sani. Na ce a ba ni makullin. Sau biyu ta mutu a hannuna a harabar, ƙafata tana rawa kamar mazari. A na uku na tuna muryar Baba yana cewa saki a hankali kamar kina sauke jariri. Ta tashi. Yawancin hanyar a giya biyu da uku na yi ta saboda taɓo, abokiyar aikina tana baya riƙe da ledar ruwa. Mun isa, an ƙara mata jini, ta rayu. Yarinyar da ta haifa yanzu tana aji biyu.

Ba ina cewa kowa zai gamu da irin wannan dare ba. Amma a ƙauyukanmu motar da za ka samu a lokacin tsanani, ta asibiti ce, ko ta kasuwa, ko ta gona, kuma waɗannan har gobe masu kuloci ne. A Houston ko Birmingham mutum zai iya rayuwa bai buƙace ta ba. Mu ba mu kai nan ba tukuna.

Baba Tsohon Direba:
Allah ya yi miki albarka 'yata, ya jiƙan mahaifinki in ya rasu, in yana raye ya ƙara masa lafiya. Ya iya koyarwa.

Nas a Karkara:
Ya rasu Baba, shekara huɗu ke nan. Amin, na gode.

Mazaunin Birmingham:
Allah ya jiƙansa. 'Yar'uwa kin sa na canza shawara a kan 'yata, za ta cika 17 a bana, shekarun fara koyo a nan. Da na ce ta yi otomatik don sauƙi. Amma tana zuwa gida hutu.

Matashin Gwale:
Na gode ƙwarai jama'a. To yanzu ta ina zan fara? Makarantun koyon mota biyu na je a unguwarmu, ɗaya ba su da manuwal ko ɗaya, ɗayar kuma motar tana gareji. Na kan ja babur mai kuloci, ko wannan zai taimaka?

Baba Tsohon Direba:
Zai taimaka sosai. Wanda ya ja Boxer ko Adaidaita ya riga ya san inda kuloci ke kamawa, sai dai a hannu ya sani, yanzu zai mayar ƙafa. Ka samu fili shimfiɗaɗɗe babu mutane. Ranar farko kada ka taɓa totur ko kaɗan. Taka kuloci har ƙasa, sa giya ɗaya, ka dinga ɗago ƙafa a hankali har ka ji kukan injin ya sauya, gaban motar ya ɗan motsa. Tsaya a nan, kada ka ƙara ɗagowa, bar ta ta fara tafiya da kanta sannan ka saki duka. Ka tsaya ka sake. Yi hamsin. In ƙafarka ta haddace wurin nan, sauran duk mai sauƙi ne. Kuma in ka gama sa giya ka sauke ƙafarka ƙasa, kada ka bar ta a kan kuloci kana tafiya, shi ke ƙona filet. Abu na ƙarshe, in ka koma Camry ɗin Alhajinka ka lanƙwashe ƙafar hagu ka ajiye ta gefe, don za ta nemi kuloci ta taka birki da ƙarfi.

Direban Golf:
Ɗan'uwa, ranar Juma'a ba na lodi sai bayan masallaci. Akwai filin makarantar firamare kusa da gidana, da sassafe babu kowa. Ka zuba mai lita biyar ka zo, motata tana nan. Kulocin sabo ne, wata biyu da sawa, don haka ka bi min shi a hankali. Zan turo maka kwatance ta akwatin sirri. Maganar da na yi da farko kuma ka yafe ni, ta yi kaushi.

Matashin Gwale:
Babu komai Yaya, Allah ya saka da alheri. Ina nan zuwa.

Matashin Gwale:
Jama'a na dawo da rahoto. Juma'a uku ke nan muna fita da Yaya Direban Golf. Ranar farko na yi hamsin ɗin da Baba ya ce, ta mutu sau tara. Ta biyu na kai giya huɗu a titin bayan gari. Jiya na shiga cikin gari da ita har Kantin Kwari na fito ba ta mutu ba. Inda nake fama shi ne hawa. Cunkoso ya tsayar da mu a kan gada, da zan tashi ta koma baya, saura ƙiris in taɓa wani mai Adaidaita, na ji ƙaurin kuloci kuma. Ƙungiyar nan sun sake buɗe neman direbobi, gwaji ƙarshen wata mai zuwa.

Baba Tsohon Direba:
Ƙaurin nan wuta ka ba ta da yawa kana riƙe da kuloci rabi. A hawa ja hambirki ka riƙe maɓallinsa a hannu. Ɗago kuloci har ka ji bayan motar ya ɗan zauna, ƙara wuta kaɗan, sannan ka sauke hambirkin a hankali. Ku nemi hawan da babu mota a baya ku yi ta maimaitawa. Kuma kafin ranar gwaji ka roƙi wani mai Hilux ko Homa ya ba ka ko zagaye biyu ne, don kulocin babbar mota ya fi na Golf nauyi, kuma dizal tun a ƙasa take da ƙarfi, ba ta son wuta da yawa wajen tashi.

Ɗan Maraɗi:
Ka tambayi yadda ake sa ƙaramar giyar taya huɗu ma. Mota tana tsaye cik ake sa ta, kuma in tayoyin gaba masu makulli ne sai ka sauka ka murɗa su da hannu. Za su iya tambayarka.

Direban Golf:
Akwai mai Homa a tasharmu, na yi masa magana ya yarda. Juma'a ƙarfe shida da rabi, kada ka makara, yana da lodin Daura ƙarfe tara.